Yadda Na Ƙwato Fuskar Ladi Daga Hannun Furanni

Assalamu alaikum matan ajinmu na yamma, da maƙwabtana na Ketaren Gwari. Tun da na dawo daga Faraku bakina bai huta ba. A bakin famfo a tambaye ni, a wajen niƙa a tambaye ni, har Maman Jummai ta biyo ni gidan suna tana jan mayafina, wai in faɗa mata ko da gaske matan can suna tuƙa babur. To tunda Allah Ya sa mun koyi riƙe biro, ga shi na rubuta. Wadda ta gama karantawa ta miƙa wa ta kusa da ita, ni kuma a bar ni in sha ruwa.

Innarmu da ke Paiko ce ta aike ni. Ƙanwata Ladi ta auri wani mai sayar da atamfa, ya tafi da ita Faraku a ƙasar Binin tun tana goyon fari, daga nan sai saƙon baki da tsaraba. Yanzu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijin, ba ta da halin barin sa. Inna kuma ƙafa ta ƙi, ga yana ta fara rufe mata ido, abu sai ta kawo shi dab da hanci take gane shi. Ta kira ni ta ce, "Ba na son atamfa, ba na son sabulu mai ƙamshi. Fuskarta za ki kawo min kafin idon nan ya gama rufewa."

Wanda zai raka ni ya ɗauko fuskar kuwa ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san mu da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunan nan ba, ban taɓa zama mun yi doguwar hira ba. A hannun Inna ya tashi, shi ya sa yake ce min Yaya kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. A nan zan ce masa Mai Hoto. Yana da shago a Sabon Gari, yana ɗaukar hoton fasfo da na biki, kuma da a nan ya tsaya da babu labari. Sai ya sayo wani gilashi da ake ɗaura wa bakin kyamara, mai mai da ƙuda ya zama kamar ɗan akuya. Tun daga ranar ya kamu da ciwon fure. Ku shiga shagon ku ga bango: cikin furen kuɓewa kamar faifai, raɓa a kan ganyen rama kamar ƙwan zabo. Wai a manyan garuruwa ana sa irin su a firam a rataya a falo. Sai ya kwanta rub da ciki a gaban tafasa, babban mutum mai mata da 'ya'ya, yana jiran iska ta tsaya.

Fim mai launi ya yi wuya a kasuwa, guda ɗaya tal ya samo. A saman kyamarar akwai wata 'yar taga mai nuna lamba. Duk ƙyas ɗin da ya yi sai lambar ta ƙaru, in ta kai ƙarshe shi ke nan, ko Ladi ta shiga ko ba ta shiga ba. Ashe lambar da Malama ta sha wahalar koya mana don wannan tafiyar na koye ta. Tun daga tashar Minna idona yana kan tagar nan.

Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar. Mun wuce Bida lafiya, na ci shinkafa da miyar wake a hannun wata Banufiya, na kuma sayi ƙuli-ƙulinsu da ba a samun irinsa a ko'ina. Gaba kaɗan direba ya tsaya a bakin wata fadama don a yi salla. Aka idar, kowa ya shiga mota, kujerar Mai Hoto babu kowa. Na leƙa, sai ga shi can ya naɗe wando har gwiwa, ya shiga ruwa ya duƙa a kan furen bado. Direba ya danna oda, ya sake dannawa. Da wata uwar ce da ta ƙwala kira an huta. Ni kuwa da wane bakin?

Na taɓa matar da ke kusa da ni, wata 'yar kasuwa mai kai tukwane Mokwa, na ce, "Baiwar Allah, don Allah kira min wancan na cikin ruwa."

Ta ce, "Mene sunansa?"

Na ce, "Ki dai kira."

Ta dube ni ta ce, "Mama, yaronka ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan mutane ne."

Nan take ta gane. Ta zura kai ta taga, da wata murya da ta tashi tsuntsayen fadamar duka, ta ce, "Kai, Ɗan Mutane! Fito, kada yana gaishe ka!"

Ya fito da gudu, taɓo har cinya. Daga nan har Sabuwar Bussa motar duka Ɗan Mutane take ce masa, har direba. Ya zauna yana share gilashi yana murmushi, ya ce, "Yaya, da kin ga cikin badon nan, kamar an kunna fitila." Na saci kallon tagar, lamba ta yi tsalle ba kaɗan ba.

A Bussa muka kwana gidan wata tsohuwa mai saukar baƙi a bayan tasha, sana'arta banda kifi. Ɗakin da ta ba ni nan take ajiye kayanta. Ta cika mu da tuwo da kan kifi, ta ƙi yarda mu yi kunya. Da safe na fito, zanena da mayafina har jakata duk sun zama kifi, kyanwoyin unguwa suka yi min rakiya har bakin mota kamar amarya.

Daga nan hanya ta lalace. A-kori-kura muka shiga, mu da buhunan doya da wata tunkiya da ta ɗauke ni uwarta, ta ɗora haɓa a cinyata. Bayan Kaiama motar ta kafe a laka, maza suka sauka turi. Duk maza ban da ɗaya. Shi ya hango wasu 'yan furanni masu ruwan hoda a gonar dawa, ya tsallaka ya kwanta a cikin kunya. Ni da na tashi a Paiko tun daga nesa na gane su. Wuta-wuta ce, wadda in ta shiga gona dawa ba ta sake yin kirki. Sai ga mai gonar ya fito da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a kansa.

"Malam, lafiya?"

"Baba, wannan furen nake ɗauka. Dubi kyau!"

Tsohon ya dubi dawarsa da ta tsumbure, ya dubi Mai Hoto. Ya ce, "Kyau? Wannan ce ta cinye min abincin bana, kai kuma ka zo daga birni kana yi mata hoton aure? Tunda kana son ta haka, tuge ta ka kai gidanku. Fara daga nan."

Ya tsare shi sai da ya tuge kunya guda cur. Fasinjoji suka bar turi suka tsaya kallo. Wani ya ce, "Mama, ba za ki sa baki ba?" Na ce ni baƙuwa ce a nan, ban san al'adarsu ba. Na gyara zama na ci ƙuli-ƙulina. Muddin hannunsa yana kan ciyawa ai ba ya kan kyamara.

A bakin iyaka ne na ga abin da ya kusa tsayar min da numfashi. 'Yar rumfa ce da sanda a gicciye, namu a wannan gefe, nasu a wancan. Namu suka duba takardu suka sallame mu. A wajen jandarmomi, wato 'yan sandan can, aka ce mu jira, babban yana cin abinci, kuma a can in rana ta take ba a taɓa aiki sai an ci an kishingiɗa. Ina zaune a inuwa sai na ji hayaniya a bayan ofis. Mai Hoto ne. Ya ga wani ɗan fure shuɗi a gindin wayar shinge, bai kai ƙwayar masara ba, ya kwanta ya saita kyamara, bakinta yana kallon tagar ofishin mutane. Aka kamo shi da ƙeya. Babban ya fito yana suɗe hannu, wani dogo mai gashin baki, Hausarsa ras. Ya ce leƙen asiri ne, ya karɓi kyamarar yana laluben inda ake buɗe bayanta.

Ko ni na san in haske ya shiga fim ya mutu. Mai Hoto yana ta zuba Turanci, su kuma ba irin nasa suke ji ba. Na taso a hankali na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, hukunci naka ne. Amma kafin ka buɗe, ka leƙa ka ga asirin da ya leƙo, don ka san abin da za ka faɗa wa na sama."

Ya dube ni, ya ga tsohuwa mai warin kifi. Ya zagaya bayan ofis, ya duƙa, bai ga komai ba. Mai Hoto ya ce sai ya ƙara matsawa. Ya durƙusa. Ya ƙara matsawa. Kafin ku ce me, ga babban jandarma kwance rub da ciki, hula ta gangara gefe. Can ya ce wani abu da Faransanci, sannan ya ce, "Kai! Akwai gashi a cikinsa! Har da wani ƙwaro yana tafiya, yana da ido!" Ya ce ina ake dannawa? Aka nuna masa. Ƙyas. Ya murɗa, ƙyas. Ya kira na ƙasa da shi ya zo ya gani, shi ma ƙyas. Har mai sayar musu da shayi sai da aka kira.

Jama'a, na ƙwaci fim daga hannun haske na miƙa shi ga wanda ya fi haske ɓarna. Kowane ƙyas a ƙirjina yake sauka. Da ƙyar na ce, "Ranka ya daɗe, kakinka yana shan ƙasa, ga mutane suna kallo." Ya miƙe ya kakkaɓe, ya ɗaure fuska, ya ce mu wuce kada a sake. Har lemo ya ba ni. Da muka shiga mota na leƙa tagar. Uku suka rage.

Faraku gari ne mai kyau, zangon Hausawa kuma kamar kana Sabon Gari. Maman Jummai, gaskiya ne, mata suna tuƙa babur, da goyo a baya da kwando a gaba, babu mai waiwayen su. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa sai ya yanka maka dasashi, a hammata suke ɗauko shi ba ko takarda. Shayi a kwano suke sha kamar koko. Akwai wani cuku ja da suke soyawa su jefa a miya, ranar farko na ɗauka nama ne, na yi ta taunar neman ƙashi. Gaisuwar mutanen ƙasar kuwa, in biyu suka haɗu sai su duƙa suna amsa wa juna da 'yar murya, ba mai son ya riga miƙewa. Mu da muke ganin mun iya gaisuwa, a can 'yan koyo ne.

Haɗuwata da Ladi ba zan iya rubuta ta ba. Mun yi kuka, mun yi dariya, ta ce na rame, na ce ta cika tsakar gida. Mijinta Malam Sani yana kan kujera a inuwa, magana tana fita da ƙyar amma hankalinsa garau, ga son raha. Da na faɗi saƙon Inna, Ladi ta ce, "Yau? Da wannan kan? Sai an yi min kitso, na sa lalle. Gobe da hantsi."

Matsalar tana bayan gida. Jinya ta hana Ladi kula da wajen, dangar ta cika da yaryaɗi, ga tafasa, ga ciyayin da ban san sunansu ba, duk sun yi toho za su buɗe. Mai Hoto ya gani, idonsa ya kawo wuta. Ya zo ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya ce, "Yaya, da sassafe waɗannan za su buɗe, raɓa a kansu. Biyu kawai zan ɗauka. Ɗaya ai ya ishi Anti."

Ɗaya. In ta ƙifta ido fa? In ta motsa? In koma Paiko in ce wa Inna ga yaryaɗi? Ban iya yi masa faɗa ba, ban taɓa ba. Na ce, "To." Ya koma ya tsuguna a gindin danga yana leƙen toho ɗaya bayan ɗaya.

Muna tsinke zogale sai Ladi ta ce, "Yaya, me yake dubawa a bayan gidana tun ɗazu?"

Na ce, "Ba komai. Shi haka yake, idonsa ba ya wuce ciyawa. Ɗauka zai yi, in mun koma ya nuna wa Inna yadda bayan gidanki yake."

Ku shaida, babu ƙarya ko ɗaya a maganar nan. Ladi ta ajiye zogalen. Wannan yarinya tun tana ƙarama in aka ce ɗakinta da datti sai ta ƙi cin abinci. Ta ce, "Inna? Ta ga wannan dajin? Ta ce na zama ƙazama a ƙasar mutane?"

Na ce, "Ai za ta yi miki uzuri."

Da asuba Mai Hoto ya tafi masallaci. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba na ji ƙarar fartanya. Ladi ce da 'yan matanta da maƙwabta biyu, ana sara ana kwashewa ana watsa wa awaki. Ni ma na ɗauki tsintsiya, ai ba a barin ƙanwa da aiki ita kaɗai. Kafin gari ya waye sosai wajen ya zama fili fetal, jar ƙasa har da zanen tsintsiya. Ya dawo da sauri ya ɗauko kyamara, ya zagaya, ya tsaya cak.

"Anti, ina furannin?"

Ladi ta riƙe ƙugu ta ce, "Awaki sun gode. Yanzu ɗauki, ka kai wa Inna ta gani."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa tsintsiyata ta kwance, ina ta faman ɗaure ta.

Da hantsi Ladi ta fito an sha kitso da lalle, leshi yana ƙara. Ta sa aka fito da rediyo, da kabad ɗin kwanuka, da babur ɗin 'yarta, aka jera. Ta tsaya a tsakiya ƙiƙam, fuska a ɗaure kamar an kai ta kotu. Mai Hoto, rai a ɓace, ya dinga ja da baya don kayan su shiga, har ya kai bakin zaure. Na auna da ido. Daga can fuskar Ladi ba za ta wuce ƙwayar gyaɗa a takarda ba. Inna za ta ga babur, ba za ta ga 'yarta ba. Duk wahalar nan a banza.

Na matsa kusa da Malam Sani, na ɗaga murya daidai yadda za ta kai zaure, na ce, "Malam, da za a faɗa wa mai kyamara ya tuna idon da zai duba hoton. A yi wa Ladi irin yadda ake yi wa furen kuɓewa."

Malam ya fara dariya har kafaɗa tana rawa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Ka ji... an ce... kuɓewa."

Mai Hoto ya sauke kyamara. Sannan ya tako, ya ce a kawar da babur. Ya zaunar da Ladi a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake shigowa ta gefe, ya ba 'yarta farin faranti ta riƙe a ɗaya gefen, yadda yake yi wa furanninsa don inuwa ta yi laushi. Ya durƙusa ya matso, ya matso, har kamar zai shinshina ta. Sai ya tsaya. Bai danna ba.

Ladi ta ce ta gefen baki, "Ka ɗauka mana, wuyana ya ƙage."

"Anti, iska nake jira ta tsaya."

"Wace iska? Ni ganye ce?"

"Ɗan ƙara haƙuri, ba ki buɗe ba tukuna."

Nan fa ta manta da kotu. "Ban buɗe ba? Kai, ɗan nema! Ni da na goya ka, ka yi min fitsari a sabon zane ranar sallah, yau ni kake..." Ƙyas. Gidan ya kwashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Ƙyas. Ta ɗaga hannu za ta kai masa duka. Ƙyas. Kyamarar ta ƙi murɗuwa, fim ya ƙare. Har muka baro garin Ladi tana mitar babur bai shiga ba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan ya tambayi hotonsa. Fim kuma sai da aka kai Kaduna aka wanke, muna nan zuciya a rataye, Inna tana aiko duk wanda zai shigo Minna ya tambaya. Ranar da hotunan suka iso muka hau motar Paiko da safe. Muka tarar da ita a bakin ƙofarta tana shan hantsi. Ta ce wa jikan nata, "Maigidana, ka dawo? An ce ka yi noma a hanya, abin da ka ƙi yi min."

Don tsokana ya fara miƙa mata na wuta-wuta. Ta kai hanci, ta ce, "Tuge ta." Ya miƙa na jandarma, duk sun yi dishi-dishi, ɗaya ma takalmi ne kawai. Sai ya zaro babban, wanda ya sa aka buga masa kamar faranti. Fuskar Ladi ce ta cika takardar daga gefe zuwa gefe, baki a buɗe, ido ya ƙanƙance don dariya, kowane layi na goshinta a fili.

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta kawo shi dab da fuska, ta bi shi a hankali daga ɗankwali zuwa haɓa, kamar yadda muke bin layi a aji. Can ta tsaya a gefen kunne, inda gashi ya leƙo.

"Furfura," ta ce. "Ladi da furfura. Wa ya ba ta izini? Ni ban gama tsufa ba ita ta fara?"

Ta shafa kuncin da babban yatsa, ta sake shafawa. Ta ce, "Kuma bakin nan yana nan yadda na san shi. Wa take wa masifa?"

Na ce, "Maigidanki."

Ta ce, "Ya yi daidai."

Mai Hoto ya ce bari ya kai a sa masa firam da gilashi. Ta janye hoton zuwa ƙirjinta. Ba ta ko ɗago ta dube mu ba, ta ce, "Ku tashi daga nan, kun tare mana haske. Magana za mu yi."

Muka tashi muka ba su wuri.